Makin gem: a tara wuri ɗaya ko a rarraba?

Mai Gatari: Jama'a, ina nan kan bakana. Duk mai rarraba maki, nan kaɗan can kaɗan, asara yake yi. A gem ɗin Elden Ring Strength, wato ƙarfi, kawai nake ɗura wa, in na sauke wa bos gatari sai ya durƙusa.

'Yar Baka: Kai kuma sara nawa kake ɗauka, Yaya? Ɗaya tak. Vigor 40 jini 1450 yake bayarwa, wato yawan dukan da za ka iya jurewa, a 60 ya kai 1900. Ka bar shi a 20 ka je gaban Malenia, bos ɗin nan mai tsananin wuya, mu gani.

Mai Gatari: Ai kaucewa ake yi, ƙanwata.

'Yar Baka: Kaucewar da ta sa kake tashi a wurin hutu kullum?

Boka: Gem ɗin da kansa ya ƙaryata ka, malam. Daga Vigor 60 zuwa 99 maki 39 ne, amma jini 200 kacal ake ƙara maka. Da gangan aka tsara shi haka: kana hawa, riba na raguwa, kuma Strength ma bai tsira ba. A farkon wasa ma, gyara makami wurin maƙeri ya fi ƙara duka a kan makin da kake zubawa.

Tsohon Hannu: Ku bi shi a hankali, yana da rabin gaskiya. A Diablo II na 2000, Strength daidai ɗaukar sulke muke sawa, sauran duka Vitality, Energy kuwa ko kallo. Tarawa ce wannan, sai dai a jini aka tara. Baldur's Gate 3 kuma lissafinsa daban: maki 16 da 17 duk ƙari ɗaya suke bayarwa, wato +3, wanda ya tsaya a 17 ya ajiye maki yana barci.

'Yar Baka: Baba ya zo da tarihi.

Boka: Ni lissafin nan ma ya fara gundura ta. Na taɓa ƙasƙantar da Intelligence, wato basira, a Fallout: New Vegas don kawai in ga amsoshin wauta da ake buɗe wa mutum. Ban taɓa dariya a gem irin ta ranar ba.

Mai Gatari: Wannan wasan yara ne. Mu nasara muke nema.

Tsohon Hannu: To ka kai wa Rennala, sarauniyar nan ta Elden Ring, abin nan da ake kira Larval Tear guda ɗaya, ta sake maka rabon maki. Sa Vigor 40, ka gwada, ka dawo mana da labari.

Mai Gatari: In na cire 20 daga Strength, da wane hannu zan ɗaga gatarin?

'Yar Baka: Da biyu. Riƙon hannu biyu yana ƙara maka rabin Strength ɗinka.