Na gama mastas a fiziyoloji, ko ƙofar digirin likitanci (MBBS) a buɗe take?

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku ba ni shawara. Ina da digirin farko a fiziyoloji da sakamakon 2:1, na yi bautar ƙasa, yanzu kuma na kammala digiri na biyu a fannin. Tun farko likitanci nake so, maki ne bai kai ba. Shin mastas ɗin zai sa a rage min shekaru in na nemi MBBS a BUK? Wasu sun ce a Amurka da irinsa ake shiga makarantar likitanci. In duk bai yiwu ba, wane aiki takardar za ta ba ni?

Malam Na Kabuga:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mastas ba zai rage miki ko zango ɗaya ba. Mai digiri ta DE (shiga kai tsaye) yake shiga, a ajiye shi a aji biyu. Saura shekara 5 ke nan, sai shekara 1 ta horon sabon likita a asibiti kafin MDCN, hukumar kula da aikin likitanci ta Najeriya, ta ba da cikakken lasisi. Bautar ƙasa ce kawai ba za ki maimaita ba.

Abin da ake dubawa shi ne darajar digirin farko da sakamakon sakandare. Ki ɗauko WAEC ko NECO ɗinki yau ki duba: kiredit 5 a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Makarantun likitanci da dama a zama ɗaya suke son su, kuma nan ne masu digiri suke yawan faɗuwa, don sun haɗa sakamako biyu a baya an karɓa. In haka ne ki sake zana jarrabawar, ba abin kunya ba ne. Na biyu, sunanki da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, JAMB da takardar digiri. Harafi guda yana iya riƙe mutum. Na uku, ki nemi tiranskirif, wato takardar makin darussan jami'a, da wuri, ba ya fitowa a kwana biyu.

Babbar matsalar gurbi ce. MDCN ke ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, kason DE a ciki kuwa ɗan kaɗan ne. Kada ki rataya komai a kan BUK, ki duba sharuɗɗan ABU Zariya da UDUS Sakkwato ma. Amfanin karatunki zai fito ne bayan kin shiga, a jarrabawar MB ta anatomi, fiziyoloji da bayokemistiri, wadda take tankaɗe ɗalibai kafin su taka asibitin Malam Aminu Kano.

Abu Zainab:
Batun Amurka, Malama, an faɗa miki rabi ne. A can likitanci shekara 4 ne bayan digirin farko, kuma akwai mastas na musamman, yawanci na shekara 1, da ake yi don gyara sakamako mai rauni; a wasu jami'o'in, kamar Georgetown, tare da ɗaliban likitanci ake zama a aji. Amma don 'yan ƙasar aka tsara shi. Yawancin makarantun likitancin ba sa ɗaukar baƙo, masu ɗauka kuma sukan nemi darussan kimiyya da aka yi a Amurka ko Kanada. Ga kuma jarrabawar neman shiga makarantar likitanci, MCAT. Bashin karatu na gwamnatinsu ba a ba baƙo, wasu makarantun ma sai an nuna kuɗin shekara 4 gaba ɗaya.

Masu tafiya Masar da makamantanta, su tabbatar MDCN ta amince da makarantar kafin su biya ko sisi, su kuma sani akwai jarrabawar tantancewa in an dawo.

Hajiya Mai Allo:
Ni ta ɓangaren aiki zan yi magana, 'yata, don shekara 5 babu albashi ba wasa ba ne. Da mastas ana ɗaukar mutum mataimakin malami a jami'a, kuma ma'aikacin jami'ar gwamnati yana iya samun tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya yi digiri na uku. Makarantun jinya da na fasahar lafiya a nan Kano, na gwamnati da masu zaman kansu, duk anatomi da fiziyoloji suke koyarwa. Sai ayyukan bincike da na ƙungiyoyin lafiya: riga-kafi, tamowa, lafiyar mata masu ciki. Su ba takarda kaɗai suke kallo ba, za su tambaye ki ko kin iya sarrafa bayanai da manhajar Excel, SPSS ko Stata, ko kin iya rubuta rahoto. Ki koyi ɗaya da kyau cikin watannin nan.

Gargaɗi ɗaya: takardarki ba lasisi ba ce. Gwajin jini a ɗakin gwaji na masu rajista da MLSCN ne, hukumar masana kimiyyar ɗakin gwaji. Duba marar lafiya ko rubuta magani a kemis ɗin unguwa kuwa laifi ne, ko da mutane suna kiran ki dakta.

'Yar Gwale:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, fiziks ɗina a NECO yake, sauran a WAEC. Zan yi rajistar jarrabawa ta gaba, in kuma kai takarduna makarantun jinya kafin a buɗe DE.