Wai akwai kalmar "conurbate" a Turanci kuwa?

Ɗalibar Marwa:
Salamu alaikum. Ina karatun labarin ƙasa a nan Marwa. Mu da Faransanci muka tashi, Turancin nawa na lallaɓawa ne. Jiya a wata takarda da malaminmu ya raba mana na ci karo da "conurbate". Na duba ƙaramin ƙamusuna, wanda bangonsa ya ɓalle har na ɗaure shi da roba, babu ita. Kuskuren bugu ne, ko da gaske akwai ta?

Tsohon malamin lise, Garwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai ta, ba a cika amfani da ita ba ne kawai. Ai kin san uwarta, "conurbation", don Faransanci ma ya are ta. Wani ɗan Sikotilan, Patrick Geddes, shi ya ƙirƙiro ta a littafinsa Cities in Evolution na 1915, da ya ga garuruwan masana'antu na Birtaniya suna faɗi har gidajen wannan sun taɓa na wancan. Latin ya haɗa: "con", wato tare, da "urbs", birni. Abin sha'awar shi ne sunan ya riga aikatau zuwa duniya. Daga baya aka gutsure wutsiyarsa aka samu "conurbate", wato garuruwa su girma har su manne. A jarrabawa dai rubuta sunan, kar mai maki ya zaci ke kika ƙaga ta.

Ɗan Kuseri, Kamaru:
Malam, a gafarce ni, ashe mu ne ake nufi! Kullum da asuba nake tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena da buhunan albasa, in dawo kafin magariba. Sefa ɗaya muke kashewa, Larabcin kasuwa ɗaya. Kogi ne kawai tsakaninmu.

Tsohon malamin lise, Garwa:
Ɗana, kogi da kwastan. Garuruwan Ruhr na Jamus ba wanda ke tambayarka takarda tsakanin Essen da Bochum. Ku kuwa ran da aka rufe gadar, albasarka a Kuseri za ta kwana. Duk da haka in ni ne mai maki, zan karɓi misalin.

Ɗalibar Marwa:
Na gode, Baba. To da Hausa fa? Kakata cewa take yi gari ya cinye ƙauyensu, amma wannan ai babba ne ya haɗiye ƙarami. Ni dai "garuruwa sun haɗe" na rubuta a gefen takardar, da fensir.