Rubutun ƙashin bayan littafi yana gocewa bayan an manna bango

Assalamu alaikum, ma'abota aikin ɗab'i. Bangon wani littafi ya gagare ni a nan Gombe. Girmansa A5 (rabin takardar A4), shafi 240, takarda mai giram 70. Na haɗa bangon da manhajar zane ta CorelDraw, launi CMYK (tsarin launuka huɗu na ɗab'i), hotuna 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), na bar rarar milimita 3 ta yanka a kowane gefe, na fitar da PDF.

Na ba ƙashin bayan, wato gefen littafi inda shafuka suke haɗuwa, faɗin milimita 12. Da aka manna, sunan littafin ya zamo zuwa fuskar gaba da kusan milimita 2. Na mayar 11, na daidaita rubutun a tsakiya, aka sake gwaji, sai kuma launin gaba ya hau ƙashin. Kwali biyu ke nan da laminatin (ledar da ake manna wa bango) sun tafi a banza.

Don Allah, yaya kuke lissafa faɗin ƙashin baya har da kaurin gam da kwali?