Neman shawara: maganaɗisun shimfiɗata ta (001) ya ƙi bin lissafi

Mai tambaya, daga Kawo: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina kan digiri na biyu a kimiyyar fiziks, bayan na ajiye koyarwa a wata sakandare, na sayar da babur ɗina na biya kuɗin makaranta, kuma kawuna da nake zaune a gidansa ya fara tambayata ranar da zan gama. Wani tsohon abokin karatuna da ke Indiya ya haɗa mini siraran shimfiɗu biyu na LSMO, wato sinadarin La0.7Sr0.3MnO3 mai maganaɗisu, a kan farantin kiristal na SrTiO3, ɗaya mai fuskar (001), ɗaya mai fuskar (110) (lambobin suna nuna ta wane gefe aka yanka kiristal ɗin), ya auna maganaɗisunsu ya turo mini alƙaluma. Ta (110) ba ta ba ni wahala ba, domin maganaɗisun ya fi sauƙin kwanciya ta alƙibla ɗaya a cikin kiristal ɗin, wato [001]. Amma ta (001), wadda fuskarta murabba'i ce, na sa ran alƙibla huɗu masu daidaito, sai ga layi ɗaya tak ya rinjaya. Malamina ya ce kuskure ne. Shin in cire wannan babin daga kundin digirina gaba ɗaya?

Dakta, daga Unguwar Rimi: Ƙanena, malaminka ya yi gaskiya. Tazarar ƙwayoyin SrTiO3 angistirom 3.905 ce (angistirom kashi ɗaya ne cikin goma na nanomita), ta LSMO kuwa kusan 3.88, saboda haka farantin yana miƙar da shimfiɗar, maganaɗisun ya kwanta a cikinta. Da a kan farantin LaAlO3 ne, mai 3.79, da matsewa shimfiɗar za ta yi, maganaɗisun ya nemi miƙewa tsaye. A fuskar (001) miƙewar daidai take ta kowane gefe, don haka babu inda layi ɗaya zai fito. Abokinka ya cakuɗa samfuran. Ka cire babin.

Malama, daga Barnawa: Dakta, a gafarce ni, ban yarda ba. Ba a taɓa yanka faranti daidai cif ba. Karkatar digiri 0.1 ko 0.2 ta isa ta bar matakala a samansa, kowace tsayinta kusan nanomita 0.39, kuma an sha ganin maganaɗisun LSMO yana bin tsawon matakalar a zafin ɗaki. Idan aka sanyaya sosai, sai alƙiblun 110 guda huɗu, wato na kusurwoyin murabba'in, su rinjaya. Malam, a wane zafi aka auna, kuma nawa ne kaurin shimfiɗar?

Wani ɗan uwa, daga Tudun Wada: Kai dai ka gode wa Allah da ka samu alƙaluma. Ni nawa samfuran wata biyar suka yi a hannun wani kamfanin aika saƙo, da suka iso kuma aka ce na'urar ta lalace saboda ɗauke wuta, har yau ban auna komai ba.

Dakta: Malama, maganar matakala ƙaramar magana ce, ba za ta ceci ɗalibi a gaban mai jarrabawa daga waje ba. Na sha zama a irin wannan kwamiti.

Mai tambaya: Na gode muku. Sai dai, Dakta, abokina mutum ne mai tsantseni, kuma hoton eksire da ya turo ya nuna fuskar (001) ce. A zafin ɗaki aka auna, domin LSMO yana riƙe maganaɗisunsa har kusan 370 K (ma'aunin zafi na Kelvin, wato kusan 97°C), shi ya sa ban ga dalilin sanyayawa ba. Ba zan iya sake roƙonsa ba, alfarma ya yi mini tun farko, kuma babin nan shi ne rabin aikina.

Malama: To ko hoton saman farantin ka nema, a ga inda matakalar ta dosa, a gwada da layin da ka samu. In za a sanyaya, a tsaya sama da 105 K, domin a nan SrTiO3 yake sauya siffa ya ƙara rikita lissafin. Har yanzu ba ka faɗi kaurin ba.

Mai tambaya: Zan duba takardun idan na koma gida. Malamina ya ce in kawo masa gyara ranar Litinin.