Zama a Isle of Dogs da yara: wa ya san wurin?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Maigidana ya samu aiki a Canary Wharf da ke gabashin Landan, mu kuma muna Luton, kullum sai yara sun yi barci yake dawowa. Mun ga gidan haya mai ɗaki biyu a unguwar Isle of Dogs kusa da wurin aikinsa, hawa na tara, tagarsa na kallon ruwa. Gidan ya shiga raina, amma da na zagaya unguwar ban ga kasuwa ba, ban ga masallaci ba, sai benayen gilashi da masu gudun motsa jiki. Yaranmu biyu ne, ƙanana. Don Allah wanda ya zauna can ya faɗa mini gaskiya.

Kawun Poplar:
Wa alaikumus salam. 'Yata, gefen masu kuɗi kawai kika gani. Wurin nan da tashar jiragen ruwa ce. An buɗe West India Docks a 1802, nan ake sauke sukari daga Karibiyan, aka rufe ta a 1980 bayan jiragen kwantena sun koma Tilbury, don ba sa iya hawowa kogin Thames har nan. Aiki ya mutu, unguwa ta zama kango. A 1981 gwamnatin Thatcher ta kafa hukumar LDDC don raya yankin tsoffin tashoshin, ta miƙa mata filayen, dogon benen One Canada Square mai kan dala kuma aka gama shi a 1991.

To amma talakawan da ke gidajen kansil ba su tashi ba, suna nan a gindin benayen, kuma da yawansu 'yan Bangaladash ne Musulmi. Ki tsallaka arewa zuwa Poplar, kasuwar Chrisp Street tana nan, da naman halal da kayan miya. Ƙananan masallatai ba su da wuyar samu idan kin tambaya. Ranar Juma'a ni babban masallacin Whitechapel nake zuwa, tasha ɗaya ce daga Canary Wharf a layin jirgin ƙasa na Elizabeth da aka buɗe a 2022.

Injiniya B.:
Hajiya, kafin ku sa hannu ku tambayi yadda ake dumama gidan. Yawancin sababbin benayen tukunya ɗaya ce ke raba zafi ga kowa, ba ka da ikon canza kamfani, abin da suka rubuto shi za ka biya. Mu lokacin sanyin farko takardar kuɗin dumamar ta girgiza mu. Idan kuma kuna tunanin saye nan gaba, akwai kuɗin kula da bene na shekara-shekara, kuma ba ya sauka, sai dai ya hau. Ku kuma nemi takardar binciken rufin jikin bene, tun gobarar benen Grenfell ta 2017 wannan ba abin wasa ba ne.

Sai iska. Tsakanin benayen nan tana iya ƙwace miki keken jariri.

Anti Rakiya:
Ƙanwata, kar su tsorata ki. Yarana sun fi son wurin fiye da ni. Akwai gonar Mudchute da tumaki da awaki a tsakiyar birni, shiga kyauta. Jirgin ƙasa na DLR ba shi da direba a gaba, don haka kullum rigimar wa zai zauna kujerar farko ake yi. Daga Island Gardens ana bin rami ƙarƙashin kogi da ƙafa a ɓulla Greenwich. Abu ɗaya dai, ki riƙe hannunsu a bakin ruwan nan, yana da zurfi da sanyi ko da rani. Jiragen saman filin London City kuma za ki riƙa jin su, sai daga ranar Asabar da rana zuwa tsakar ranar Lahadi da filin ke rufe. Manja da garin tuwo ni Woolwich nake zuwa saye.

Maman Hanan:
Allah Ya saka da alheri. Injiniya, maganar dumama ko kusa dillalin bai ambata ba, gobe zan kira shi. Anti, makarantun firamare fa, ana samun gurbi a tsakiyar shekara?