Ranar rabo ta wuce, wa zai koma?

Bulus:
Salama gare ku 'yan'uwa. Kwana biyu shiru, ko alƙaluman duk sun bushe ne? To ga abin da zan jefo, jiya cocinmu muka fita hidimar marasa galihu, mun raba kaya mun yi addu'a mun dawo kowa na ta murna a mota, ni kuma da na kwanta barci ya ƙi zuwa sai baiti ke ta yawo a kaina. Doka dai kamar kullum, surutu kaɗan baiti da yawa. Na fara da amsa-amon "wa", wanda ya matse shi ya canza nasa.

Yabo ga Uba mai rahama da yalwa,
Da ya ba mu hannun da ke miƙawa.

Mun ɗau kaya mun nufi gwauraye,
Da tsofaffin da ƙafa ke gazawa.

Makafi na nan, guragu na gefe,
Marayu a layi suna ta leƙawa.

Yesu ya ce na ji yunwa kun ba ni,
Na ji ƙishi kun zo da shayarwa.

Ina kurkuku kun zo kun gan ni,
Ina tsirara kun yi suturtawa.

Matiyu 25 ne shaidata,
Mai musu ya buɗe don dubawa.

To mun yi namu mun dawo gida,
Amma zuciyata ta ƙi kwantawa.

Ku faɗa mini 'yan'uwa me ya rage,
Da ya hana ni barci har gari na wayewa?

Saratu:
Yaya Bulus ni zan faɗa maka, amma kar ka ji haushi fa, ai na ga hotunan tun daren jiya.

Abin da ya hana ka barci, Yaya,
Ba sauro ba ne, ita ce kamara.

Buhu guda hannu goma a kansa,
Kowa tsayuwarsa yake ta gyara.

Tsohuwa ta sunkuyar da kai ƙasa,
An ce ɗago Mama, bari a ƙara.

Kafin ta kai gida tana Facebook,
Maƙwabta sun samu abin hira.

Shi da ya ce a ciyar da mayunwata,
Shi ya ce hagu kar ta sani, ku lura.

Matiyu 6 ne, ba nisa da naka,
Ka koma baya kaɗan ka fara.

In kyauta sai ta zubar da mutunci,
Wanda ya karɓa shi ya yi asara.

Baba Yohanna:
Kai Saratu 'yata, bakinki da kaifi kamar reza. Ni ne ma'ajin kwamitin jinƙai a wurinmu shekara da shekaru, kuma na sha zargi har na ƙoshi, akwai lokacin da wani ya tashi a taro ya ce mun karkatar da kayan marayu alhali ni da aljihuna na cika kuɗin mota, tun ranar na ce komai sai da shaida. Ga nawa, tsoho ne sai a yi haƙuri da karin.

'Yata kin faɗi rabin gaskiya,
Ɗaya rabin ba ki taɓo shi ba.

Kuɗin baiko na jama'a ne,
Ba daga aljihuna ya fito ba.

In na ce mun raba wa zai shaida?
Ɗan Adam bai yarda da baki kawai ba.

Manzo Bulus da zai kai gudummawa,
Urushalima bai tafi shi kaɗai ba.

Ikilisiyoyi suka zaɓi ɗan rakiya,
Don bai so a sami abin zargi ba.

Korintiyawa ta 2 sura 8,
Ni ban ƙirƙiro da kaina ba.

Saratu:
To Baba a ɗauki hoton buhun da rasit ɗin mana, a bar fuskar tsohuwa. Buhu ba ya jin kunya ai.

Baba Yohanna:
Masu ba da kuɗin fuska suke son gani 'yata, rasit ba ya sa su kuka. Ban ce daidai ba ne, na faɗa miki yadda abin yake ne.

Markus:
Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Ku ji.

Kuna gardamar hoto da buhu,
Ni tambayata tana kan coci.

In mun cika ciki rai na da yunwa,
Me ya raba mu da masu rabon abinci?

Ƙungiyoyin agaji sun fi mu kuɗi,
Sun fi mu mota, sun fi mu lokaci.

Abu ɗaya ne namu da ba su da shi,
Bisharar da ke kai mutum ga 'yanci.

Buhu zai ƙare kafin wata,
Kalmar Allah ba ta jin ƙaranci.

Don haka ni ko ina za mu fita,
Wa'azi farko, sannan a zo a ci.

Mama Rifkatu:
Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau kam sai na yi. Ku duk kuna magana ne daga ɓangaren masu miƙawa, ni na tsaya a ɗaya ɓangaren, shekarar da maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana wasu 'yan'uwa daga wata coci, ba zan kira suna ba don nufinsu mai kyau ne, suka zo suka tara mu a fili tun safe aka ba kowa lamba aka yi ta wa'azi ga kayan a jibge a bayan mai wa'azin muna kallo, yarana a gida ba su ci komai ba, ni dai abin da na ji a wa'azin nan Allah ne shaida ban riƙe ko kalma ɗaya ba. Markus ɗana wannan naka ne.

Ɗana Markus ban ƙi bishara ba,
Da ita nake tashi nake kwana.

Amma wa'azi da buhu a bayansa,
Mai yunwa ba ya jin magana.

An ce mai karɓar Yesu ya nuna kansa,
Na ɗaga hannu don kar a hana.

Ni da aka yi wa baftisma tun ƙuruciya,
Aka ƙirga ni a tubabbun rana.

Lamba aka ba ni a 'yar takarda,
Ba wanda ya tambaye ni suna.

Sai ran Talata ga ɗaya ta dawo,
Ba buhu ba mota, ta zo ta zauna.

Ta tarar ɗana yana ta zazzaɓi,
Ta goya shi asibiti tsakar rana.

Ba ta buɗe Littafi ran nan ba,
Amma ran nan na karanta ƙauna.

Basamariye ya ba da dinari 2,
Bai ce shi ke nan ba, ku tuna.

Ya ce in na dawo zan biya saura,
Dawowar nan ce riƙon amana.

Markus:
Mama na rusuna. Maganar ɗaga hannun nan ta soke ni don ni ma na sha rubuta adadi a rahoto ina murna. Amma ban sauka gaba ɗaya ba tukuna.

Mama kin ɗaure ni da igiyata,
Tuban yunwa ba shi da inganci.

Amma wadda ta dawo ran Talata,
Wa ya koya mata wannan karimci?

Mama Rifkatu:
Wanda ya koya maka wa'azi mana ɗana, sai dai ita ta fi ka jin darasin 😂 Kuma daga baya mun yi karatun Littafi tare sosai, lokacin kunnena ya buɗe.

Malam Istifanus:
Ni malamin tarihi ne, in aka zo irin nan ba na iya kama bakina. Gardamar nan taku tsohuwa ce, wasu sun riga ku yin ta kuma sun amsa da ƙafafunsu. Shekarun za su ɗan karya mini kari, ku yafe.

A 1833 a birnin Faris,
Ɗalibai suka jefo wa Kiristoci tambaya.

Kun cika baki da aikin da can,
Yau me kuke wa masu shan wuya?

Ozanam ɗan shekara 20,
Zancen ya soke shi a zuciya.

Shi da abokai ba su sa kowa layi ba,
Gida gida suka kama tafiya.

Ƙungiyar Vincent de Paul ke nan,
Yau ta bazu a faɗin duniya.

William Booth a gabashin Landan,
A 1865 ya kama hanya.

Mutanensa suka jera abu 3,
Ceto da sabulu, na farko miya.

Fada Damien mutumin Beljiyam,
A 1873 ya ɗaura niyya.

Tsibirin Molokai wurin kutare,
Shekara 16 babu juya baya.

Cutar ta kama shi can ya cika,
Mu kutare yake cewa, ba kunya.

Markus ka lura da jerin mutanen Booth, su ne aka sani da Salvation Army daga 1878, miya suka sa farko sai sabulu sai ceto, kuma ba wanda zai ce Booth ba mai wa'azi ba ne, a kan titi da cikin tanti ya fara. Damien kuma a 1889 ya rasu, lokacin kuturta ba ta da maganin da ke warkarwa. Yanzu akwai, tun 1995 ana ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum ya sha na wasu watanni ya warke, amma ƙyamar ita har yau ba a samo maganinta ba, za ka ga wanda ya warke tuntuni ana miƙa masa kaya daga nesa kamar ana jefa wa wuta itace.

Baba Yohanna:
Malam ai ko Damien ɗin akwai hotonsa, Saratu ta ji da kyau.

Saratu:
Hoton da aka fi sani nasa ne shi da cutar a fuskarsa Baba, ba yana riƙe da kunnen buhu ba. Wannan zagayen ma ni na ci 😄

Ladi:
Ku matsa in shigo da kekena. Mama Rifkatu ta yi maganar dawowa, na yarda, amma ni akwai abin da ya fi ci mini rai. Ni ana dawowa wurina kam, ba ni da ƙorafi a nan, matsalar ni ce ba na iya zuwa wurinku.

Kuna kawo mini kaya har gida,
Na gode ƙwarai, ba na tsaki.

Amma matakala ce a ƙofar coci,
Kekena ba ya tsalle kamar doki.

Sai maza huɗu sun ɗaga ni sama,
Kowa na kallo kamar ana biki.

Kwamitin da ke zama a kaina,
Ba gurgu ko makaho mai baki.

Ayyukan Manzanni 6 ku duba,
An manta wasu gwauraye, abin mamaki.

Masu jin Helenanci aka tsallake,
A rabon kullum, suka ji a jiki.

Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba,
Mutum 7 aka ba ragamar aiki.

Istifanus, Filibus, har Nikolas,
Sunan Helenawa ne kaf a ciki.

Ƙafa ce ta gaza, kai yana nan,
Ku ba ni kujera a cikin ɗaki.

Kuma kafin wani ya ce ba kuɗi, gangaren siminti a gefen matakala bai kai kuɗin lasifika ɗaya ba, na iya lissafi, shi na karanta.

Baba Yohanna:
Lissafi kika karanta? To ai ni shekara nawa ina neman wanda zai karɓe ni littafin nan idona ya fara gazawa. Ladi 'yata ki turo mini saƙo ta gefe, da gaske nake. Gangaren kuma zan kai shi gaban dattawa, in sun ja ƙafa zan karanta musu baitin dokin nan a gaban Fasto.

Bulus:
Na karanta kowa sau biyu. Saratu kamarar ta dame ni amma ba ita ba ce, sai da Mama ta ce suna na gane. Jiya akwai wani tsoho makaho da ya riƙe mini riga yana miƙo wata takardar asibiti wai in karanta masa abin da likita ya rubuta, na ce Baba ina zuwa, aka kira ni in riƙe buhu a ɗauki hoto, daga nan sai mota.

Na gano abin da ya hana ni barci,
Hannun tsoho da na yi zamewa.

Takarda ya miƙo ba kwano ba,
Na ce ina zuwa, ban yi komawa.

Ban san sunansa ba, na san layinsa,
Na uku daga ƙarshe wajen inuwa.

Ran Talata zan je in nemo shi,
Wa zai raka ni cikin 'yan'uwa?

Saratu:
Ni zan zo Yaya, wayar ma a jaka zan bar ta.

Markus:
Da ni. Zan riƙo Littafina dai, amma takardar likitan za mu fara karantawa.

Mama Rifkatu:
Ku tambayi matan da ke zaune kusa da inda aka yi rabon, su za su san gidansa. Kuma in takardar ta magani ce ku duba kwanan watan da ke jiki, kar ya zama ta daɗe a hannunsa, in ta daɗe sai an koma da shi wurin likita.

Baba Yohanna:
Kuɗin motar ku zo ku karɓa a wurina ran Litinin da yamma. Ku dawo mini da rasit.