Neman kalma: me za mu kira sabuwar kwaltar da ake ɗorawa kan tsohuwa?

Salamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya nake nema. Makon jiya ma'aikata suka sauke kaya a bakin titin da ya ratsa garinmu, nan ƙasar Ringim, mai unguwa ya tura ni in jiyo abin da za su yi. Injiniyan ya ce aikin da za su yi sunansa obale (overlay da Turanci). Da na dawo dandali na ce za a gyara titi, sai Baffana ya ce: "Faci za su yi ko sabo?" Na ce ba ko ɗaya, Baffa. Ya ce to mene ne? Na rasa amsa.

Ga yadda aikin yake, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Titi ne mai kwalta wanda fuskarsa ta tsufa, ta yi fari, ta fara tsattsagewa, amma ƙasan da aka danne tun farko yana nan da ƙarfinsa. Ba a tone shi. Ana share shi tas, a cike ramuka, a toshe tsagogi, wani lokaci a kankare saman da inji. Sai a fesa wani baƙin ruwa mai danƙo, sama-sama, don sabuwa ta kama tsohuwa. Daga nan tifa ta zo da cakuɗen tsakuwa da garin dutse da baƙin man kwalta (man galibi wajen kashi 5 ko 6 ne cikin 100 na cakuɗen), da zafinsa wajen digiri 150, inji ya baza, rola ta bi ta danne kafin ya huce. Kaurinsa galibi santimita 4 zuwa 5 ne, kamar yatsu biyu zuwa uku.

Faci bai yi ba, shi rami ɗaya yake bi. Gyara ta yi faɗi, har wanda ya zuba ɓaraguzai a rami ma gyara ya ce ya yi. Shimfiɗa kwalta kuma shi muke faɗa wa sabon titi da aka fitar daga burji. To ku kawo.

Wani direba daga Gujungu: Malam, ai ɗori ne. An ɗora wannan kan wancan. Ɗorin kwalta, shi ke nan.

Wata malamar makaranta daga Dutse: Yaya, ɗori ya yi a ma'ana, amma da ka ce ɗori kunne wajen mai karaya yake tafiya. Ni daɓe nake gani. Iyayenmu mata sukan zuba tsakuwa a ɗaki, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta duka da madaɓi har ƙasa ta yi sulɓi. Aikin rola ke nan.

Wani tsohon magini daga ƙasar Wudil: 'Yata, daɓe ana yi wa ɗakin da bai da shi ma. Abin da yaron nan ya bayyana yaɓe ne. Shekarata arba'in ina hawa soro kafin damina.

Ni mai tambaya: Na gode muku duka. Na kwana da kalmomin nan uku, kuma zuciyata ta tsaya kan ta Baba magini: yaɓen kwalta. Daɓe, Malama, ya kama aikin rola sarai, sai dai kowane titi ana danne shi, sabo da tsoho, don haka bai ware wannan aikin daga sauran ba. Ɗori kuwa ya faɗi inda aka sa abu, bai faɗi sharaɗin sa shi ba.

Yaɓe ya zo da sharuɗɗansa a cikinsa, kuma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san su. Ba a yaɓa iska, sai da gini a tsaye. Kafin magini ya ɗora sabuwar ƙasa yakan ɓamɓare tsohon yaɓen da ya saki, ya cusa ƙasa a tsaga, sannan ya watsa ruwa a bangon don sabon ya kama. Ku duba jerin aikin da na kawo a sama, ɗaya bayan ɗaya haka yake. Wani zai ce yaɓe na bango ne, titi kuwa a kwance yake. Ai rufin soro ma a kwance yake, ana kuma yaɓe shi da makuba ko laso, kuma dalilin ɗaya ne: a hana ruwa shiga. Ruwan da ya bi tsagar kwalta ya jiƙa ƙasan titi shi ke kashe shi, manyan motocin riɗi da shanu su ƙarasa.

Abin da ya fi ja na ga kalmar shi ne ta san iyakarta. Katangar da ruwa ya cinye gindinta, ko almajirin magini ba zai ce a yaɓe ta ba, zai ce a rushe a sake. Titi ma haka. In ka ga kwalta ta tsage ƙanana-ƙanana kamar fatar kada, ko sawun taya ya lotsa ya zama kwari, cutar tana ƙasa. Na gani da idona a wata hanya kusa da mu: aka malala sabuwar kwalta kan irin wannan wuri, ranar mun yi murna, ga baƙi sumul, yara na bi suna taɓawa. Damina biyu, tsagogin nan suka sake fitowa a gurbinsu na da, kamar an zana. Da muna da kalma a lokacin, da wani dattijo ya tambaya ko wannan titin na yaɓe ne ko na sakewa. Ba mu da ita, sai muka ce an yi mana titi.

Na san "yaɓa" tana da ɗan ƙaurin suna, ana cewa ya yaɓa aiki kawai ya tafi. Ban ɗauke shi aibi ba. Ita kanta kwalta daga Turancin baƙin man da ake samu a jikin kwal muka aro ta, alhali ta titunan yau daga ɗanyen man fetur take fitowa, kuma ba wanda ya ruɗe.

Don haka ga abin da zan kai dandali: faci na rami, yaɓen kwalta na fuskar titi gaba ɗaya, in an fara da inji mai cire saman kuma a ce kankara da yaɓe. Baƙin ruwan da ake fesawa tsakani ina so mu ce masa yayyafin danƙo, amma wannan ban yanke ba, masu aikin titi ku yi min gyara.

Direban Gujungu: Na yarda, Malam, na janye ɗori. Amma in ka koma wajen injiniyan ka tambaye shi gefen titi. Yaɓen nan yana ɗaga kwalta sama da ƙasa, in ba su cike kafaɗar hanya da jar ƙasa sun danne ba, mai babur da ya kauce wa tirela da dare a nan yake faɗuwa.

Gobe da safe zan tambaye shi, in sha Allahu, kuma da Baffa za mu je.